Daddawar teku da romon kifin da ba a soyawa

Duk wanda ya tashi da daddawa a miyar kuka ba shi da bakin toshe hanci idan aka ajiye masa ngapi, wato daddawar kifi ko jatan lande ta ƙasar Myanmar. Mu Hausawan da ke zaune a wannan ɓangare na Asiya mun cika yi wa abincin mutanen jihar Rakhine ta Myanmar hukunci tun daga ƙofar shago, alhali dabarar da ke bayan warin nan ita ce dai ta iyayenmu mata: a bar abu ya ruɓa da ƙa'ida har ya zama kayan ɗanɗano. Mu kalwa muka samu, su kuwa teku Allah ya ba su.

Jihar Rakhine tsiri ce a yammacin Myanmar, tana kwance a bakin Tekun Bengal, duwatsun Arakan sun raba ta da sauran ƙasar. Babban birninta Sittwe yana inda kogin Kaladan ke zuba cikin teku. Ruwan saman da ke sauka a can a shekara ya haura milimita 4,000, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba, lokacin da igiyar ruwa ke hana ƙananan kwale-kwale nisa da gaɓa. Saboda haka aikin rani shi ne tara abin da za a ci da damina: a shanya ƙananan kifaye a kan raga a bakin yashi, a daka ngapi.

Ga yadda ake yin na jatan lande. Ƙananan nan ake so, waɗanda ba su kai ƙwayar wake ba. A tsince tsakuwa da ƙananan ƙaguwa, a tsane ruwan sosai, a cuɗa da gishiri, a baza a tabarma cikin rana har ya yi laushi yana danƙo. Sai a zuba a turmi a kirɓa, a danna cikin tulu da ƙarfi yadda iska ba za ta samu wurin zama ba. Bayan kwanaki a fito da shi, a sake shanyawa, a sake kirɓawa. Na Rakhine ya yi suna da ƙarancin gishiri idan aka gwada da na yankin kogin Irrawaddy, kuma nan ne haɗarinsa yake: rana ce ke yin aikin da gishiri zai yi. Hadari ya rufe kwana biyu, ko ƙuda ya samu sauka, sai tsutsa. In aka bar kogo a cikin tulun, wurin ya yi baƙi ya ɗauki wari mai hawa ido, irin wanda mai daddawa ke ganewa nan take idan kalwarta ta wuce kwanakinta a rufe.

Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne mont di, taliyar shinkafa siririya cikin romon kifi garai-garai. Asalinsa da wani kifin teku mai tsawo kamar maciji ake yi, ana ce masa ngashwe, amma duk kifi mai farin nama marar kitse zai yi. Ga mutum huɗu: kifi rabin kilo, ruwa lita 2, ngapi babban cokali 1, tafarnuwa kai guda a daka, sanda 3 na ciyawar nan mai ƙanshin lemo da muke sa wa shayi a ɗan farfasa su, masoro ƙaramin cokali 2. A narka ngapi a ruwa kaɗan a tace shi tukuna, in ba haka ba yashi zai kwanta a gindin kwano. A sa kifin ya dahu minti 10 a wuta marar ƙarfi, a tsame shi, a zare naman, a mayar da kai da ƙaya cikin tukunya su ƙara minti 20, sannan a tace. Naman kuma a marmasa shi a busasshen kasko da ɗan kurkur har ya yi wara-wara. Taliya a kwano, kifi a kai, romo mai zafi, ruwan tsamiya, sai dakakken ɗanyen barkono kore gwargwadon ƙarfin halin mai ci. Ba banza suke masa kirari da "zafin maƙogwaro, zafin harshe" ba.

Kuskure biyu ke ɓata shi. Na farko barin tukunya tana tafasa da ƙarfi: romon ya yi duhu, ƙarni ya fito. Na biyu zuba taliyar cikin tukunya. Minti kaɗan ta sha ruwa ta zama kunu.

A nan ne nake ganin sun fi mu. Mu idan kifi ya shigo gida, ko tarwaɗa ce da aka kamo da safe, sai an soya ta a mai har ta ƙandare, a nutsa ta cikin tumatir da dunƙulen magi uku, ƙarshe ba ka iya bambance ta da karfasa. Ko farfesunmu, wanda shi ya fi kusa da wannan romo, yakan tafi da kayan ƙanshi bakwai. Mutanen Rakhine tsami da yaji da ɗanɗanon kifin kansa suke nema, har sukan ga girkin ƙabilar Bama ta tsakiyar ƙasar, wanda mai ke tasowa a samansa, ya yi nauyi. Ko miyarsu ta yau da kullum mai sauƙi ce: a gasa ngapi, a daka da ɗanyen barkono da tafarnuwa, a matsa lemun tsami, a ci da shinkafa da dafaffen ganye.

Ba na cewa mu bar banda. Kifin Baga da zai yi doguwar tafiya zuwa Kano ko Onicha dole ya sha hayaƙi, kuma ƙanshin banda a miyar kuɓewa babu abin da ke maye shi. Abin da ke ci mini rai shi ne 'yan kasuwar da ke watsa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya rududduge a buhu, bayan gishiri da cikakkiyar shanya na rage wannan matsala ba tare da an sa wa mutane guba ba.

Ba za a yi maganar wannan gaɓa a tsallake halin da masuntanta ke ciki ba. 'Yan Rohinja Musulmi sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash daga 2017, da yawansu masunta ne da manoma. Guguwar Mocha ta afka wa yankin Sittwe a Mayun 2023 ta farfasa gidaje da jiragen kamun kifi. Daga Nuwamban shekarar yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin sojojin Myanmar da mayaƙan Arakan, 'yan tawayen jihar, aka toshe hanyoyin mota da na ruwa, aka taƙaita fita kamun kifi. Gidan da bai samu shanya da daka tsakanin Nuwamba da Afrilu ba, da tulun ngapi wayam zai shiga damina.