Ga Ƙannena da Suka Shigo Katolika ta Hannun Wani Fada

Ƙannena maza da mata, musamman ku da kuka shigo ikklisiyar Katolika da girmanku, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai. Lahadin da ta wuce, bayan Mas, na tambayi wani yaro ina abokinsa ya shige, don wata biyu ke nan ban sa shi a ido ba. Sai ya ce, "Yaya, tun da aka ɗauke Fada zuwa wani coci ya ce cocin ya yi masa sanyi." Da nauyin wannan amsa na koma gida, domin na san irin wannan sanyin, ya taɓa kama ni.

Ni ma ba a Katolika aka haife ni ba. Babana dattijo ne a wata ikklisiya, kuma na tashi ina jin ana cewa 'yan Katolika Maryamu suke bauta wa. Rashin lafiyar mahaifiyata ce ta haɗa ni da su. Muna kwance a asibiti a nan Jos, lokacin hunturu, irin sanyin nan da ke shiga ƙashi. Matar da ke gadon kusa da namu 'yar Katolika ce. Wajen ƙarfe tara na dare sai ga wani Fada ya shigo, farar rigarsa duk jar ƙura saboda a babur ya zo, leɓɓansa sun tsattsage. Ya ba matar Jibin Ubangiji, sannan ya juyo wajenmu ya ce, "Mama, sannu da jiki. In yi miki addu'a?" Bai tambayi cocinmu ba. Ya sake dawowa har sau uku, har bayan an sallami waccan matar, kuma ko sau ɗaya bai ce mini in zo wurinsu ba.

Ni na neme shi da ƙafata. Na je da tambayoyi masu zafi: me ya sa kuke furta zunubi ga ɗan'adam, me ya sa kuke roƙon Maryamu? Ba ya fushi. Yakan buɗe Littafi Mai Tsarki, ya nuna mini Yohanna sura 20 inda Yesu ya ba manzanni ikon gafarta zunubi, ya bar ni in je in yi tunani. Daga baya ya miƙa ni ga katikis, wato mai koyar da addini a coci, na yi fiye da shekara ina koyo tare da yaran da na girme su nesa ba kusa ba. A daren Ista aka karɓe ni. Ba a sake mini baftisma ba, domin ikklisiya ta amince da wadda aka yi mini da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Babana ya yi watanni ba ya amsa gaisuwata.

To, ba a jima ba aka yi wa Fadan nan canjin wurin aiki. Wanda ya maye gurbinsa Hausarsa ba ta nuna ba, kuma bai san sunana ba. Na fara jan ƙafa. Wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata ce ta tare ni a bakin ƙofa, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, dama wa kake zuwa gani?" Na rasa amsa, kunya ta rufe ni.

Ku sani, Allah ya saba jawo mutane ta hannun bawansa mai aminci, wannan ba abin musu ba ne. Waliyyi Agustin, wanda babbar makarantar horar da fadoci ta Jos ke ɗauke da sunansa, wa'azin Bishop Ambros ne ya karya taurin kansa, har aka yi masa baftisma a Milan a shekarar 387. A ƙasarmu, Fada Cyprian Tansi ne ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 baftisma a 1941, yaron da ya fito daga gidan masu addinin gargajiya, shi ne ya zama Kadinal Francis Arinze. Tansi ya bar Najeriya ya shiga gidan sufaye a Ingila, a can ya rasu a 1964. Shin Arinze ya ce coci ya yi sanyi? Fadocin ƙungiyar mishan ta SMA da suka iso Shendam a 1907 duk sun kwanta dama tuntuni. Da kakannin da suka ba da gaskiya ta hannunsu sun watse bayan tafiyarsu, da ba a sami marigayi Akbishop Gabriel Ganaka na Jos ba, da ba mu da inda za mu durƙusa yau. Manzo Bulus ya riga ya gaya wa Korintiyawa: shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, amma Allah ne ya girmar.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai fadocin da suka ba mu kunya, wasu da son kuɗi, wasu da abin da ya fi haka muni. Wanda aka cuta kada ya yi shiru, ya kai ƙara gaban Bishop, in laifi ne na doka ya kai ga hukuma. Abin da ke damuna shi ne yadda wasunku ke rige-rigen yaɗa faɗuwar Fada ɗaya a Facebook, amma ba su taɓa ambatar irin su Fada Isaac Achi ba. Shi ne ke riƙe da cocin Madalla lokacin da bam ya tashi ranar Kirsimeti ta 2011. Bai ajiye aiki ba, ya ci gaba har 'yan bindiga suka ƙone shi a gidansa a Kafin Koro a watan Janairun 2023. Irinsa suna nan da rai a ƙauyukan Filato, suna kwana inda mutanensu suke kwana.

Ku kuma da aka haife ku a ciki, laifinku ba kaɗan ba ne. Sabon shiga yakan rasa abokai, wani ma ya rasa gida. In Fada kaɗai ne ya san shi, ranar da aka ɗauke Fada ya zama maraya. Ku nawa ne kuka taɓa zuwa ɗakin wanda aka karɓa a Istar bara, ku zauna ku yi carbi tare, ku tambaye shi ko ya ci abinci?

Yaron nan da na ce ya daina zuwa coci a Tudun Wada yake zaune. Na karɓi kwatancen gidan, ranar Asabar da yamma zan je in gaishe shi. Ina so biyu daga cikinku, sa'o'insa, su raka ni.