Gidan sauro kuma? Haba jama'a!

Wannan bidiyon da kuke ta yaɗawa tun jiya kuna rubuta "basira, basira", ni dai ɓarna na gani. Ƙarti biyu sun ja gidan sauro a bakin ruwa sun juye a daro, ana ta shewa. Ku sake kallo, ku tsayar daidai inda ɗayan ya damƙo da hannu ya nuna wa kyamara. Me ke ciki? 'Ya'yan karfasa da ba su fi farcen babban yatsa ba, da 'yan tarwaɗa da gashin bakinsu bai gama fitowa ba, har da talibambam. Wai wannan shi ne su. Sannunku da aiki, sarakunan ruwan Facebook.

Magana ɗaya ce, idon raga. Duk masuncin da ya gaji sana'ar ya san ana auna raga da yatsu. Ka je sayen ragar kalli, mai kaya zai tambaye ka yatsa nawa kake so, kai kuma ka zura yatsunka cikin idon ka gwada. Yatsa huɗu na manya ne, ƙananan su sulale su wuce abinsu, baɗi ka same su sun yi ƙiba. To gidan sauro yatsa nawa ne? Abin da aka saƙa don ya tare sauro, wane ɗan kifi ne zai tsallake shi? Ga kuma maganin da aka jiƙa shi da shi, wanda guba ne ga kifi, kun kai shi ruwa kuna wankewa.

Kuma a wane lokaci? Da damina, ruwa ya hau fadama, daidai sa'ar da kifi ke shiga ciyawa ya zuba ƙwai. Bargi sheƙa yake yi da ciyawa ya tsare 'ya'yansa. Uwar karfasa a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe, ba ta ko cin abinci. Duk wannan wahalar, sai wani ya zo da gidan sauron da asibiti ya ba matarsa ranar awo ya kwashe a jan farko. Manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo ma ya fi ku dabara, shi kansa kaɗai ya cuta.

Na san abin da za ku cika min ƙasan rubutun nan da shi. Talauci. Kaya sun yi tsada. Eh, sun yi, wa ya ce ba su yi ba? Amma mai tarkon gura da mai jefa ragar birgi da yaron da ke zaune da fatsa da gwangwanin tana, attajirai ne su? A ruwa ɗaya kuke ci, abincinsu na gaba kuka tattara kuka shanya a tabarma. Masu cewa kifin Allah ba ya ƙarewa kuwa, ku je Yauri ko Baga ku tambayi dattawa girman giwan ruwan da suke fitarwa suna samari, da wanda ake gani yanzu. Ba zan tsaya jayayya da ku ba.

Doka ma akwai. Tun 1992 dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, kusan inci 3 ke nan, sai dai ragar da aka keɓe wa ƙananan kifi irin warangi. Ta hana guba, ta hana nakiya, ta hana lantarki. Tana nan a takarda, masu zuba gubar gamalin suna nan a kogi.

Wallahi abin yana min ciwo, ba wasa nake ba. Mu ne fa masu Argungu. Tun 1934 ake wannan biki, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, a 2020 aka fitar da kifi mai kilo 78 daga kogin Matan Fada da ragar homa da gora kawai. Ta yaya kifi ya kai kilo 78? An bar shi ne. Ruwan a rufe yake, ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Kakanninmu ba su je makarantar binciken kifi ta New Bussa ba, amma sun san a rufe ruwa, sun san idon raga. Jikokinsu ne suka gano gidan sauro, har ana yi musu tafi.

Idon raga, jama'a. Idon raga.

Af, tunda ana maganar kaya: wa ya san inda ake samun ƙugiya ta ƙwarai yanzu? Waɗannan na cikin ƙaramin kwali da suka cika kasuwa, tarwaɗa mai ɗan nauyi na fizga sai ƙugiyar ta miƙe sambal, kwana kaɗan a ruwa kuma ta yi tsatsa. Shekaranjiya na ga wani Bature yana naɗa gashin zakara da zare a jikin tasa har ta koma kamar ƙwaro, ya kama kifi da ita, ya ɗau hoto, ya mayar da shi ruwa. Mayarwar ba ta shafe ni ba, ni miya nake nema. Ƙarfen ƙugiyar nan tasa nake so. Mai lambar dillali ya turo min ta akwati.