Kafin Ka Sayi Wata Gorar Maganin Basir

Ku shiga kowace tasha, daga Kano har Maraɗi, za ku tarar da mota ko baro da lasifika ana ta kwarmato: maganin basir mai tsiro, mai jini, mai riƙe baya, mai kashe ƙarfin maza. Kuma mu matasa mu ne kan gaba a layi. Mutum ya tashi da kasala, basir. Ya wuni a kan babur baya ya ƙage, basir. Ango ya ga abin bai tafi yadda yake so ba, sai abokai su ce ai basir ne ya cinye ka. 'Yan'uwa, mun ɗora wa ciwon nan kayan da ba nasa ba, shi kuwa ainihin ciwon ko kallonsa ba mu yi.

Basir na gaskiya wuri ɗaya yake zama. A bakin dubura da ɗan cikinta akwai wani nama mai taushi cike da jijiyoyin jini. Kowa da shi aka halicce shi, yana taimakawa wajen riƙe iska da bahaya. In aka yi ta matsa masa sai ya kumbura, ya saki, wani lokaci ya zazzago. Na ciki yawanci ba ya zafi, sai dai ka ga jini ja wur bayan ka gama, ko ka ji tsiro ya leƙo. Likitoci sun kasa shi mataki 4: wanda bai fito ba, wanda ke fitowa ya koma da kansa, wanda sai an tura da yatsa, da wanda ya ƙi komawa sam. Na waje shi ne mai ƙaiƙayi da raɗaɗi, balle in jini ya daskare a ciki, zama ma sai a karkace. Basir ba ya hawa gadon baya. Mai raunin mazakuta kuma ya je a auna masa suga da hawan jini, ya duba damuwar da ke ransa, can ne aka fi samun tushen matsalar.

Babban mai kawo basir yunƙuri ne. Dubi cimarmu ta yanzu: shayi da burodi da safe, farar shinkafa da rana, Indomie da ƙwai da dare, a kora da lemon kwalba. Ruwa kuwa sai ƙishi ya kai maƙura. Yaya bahaya ba zai yi tauri ba? Sai a shiga banɗaki ana nishi kamar mai naƙuda. Ga sabon salo, shiga da waya. Abin da minti biyar ya isa, sai a share rabin awa a tsugune ana TikTok, jini na taruwa a ƙasa. In ba don komai ba, ko don addu'o'i da ayoyin da ke bayyana a fuskar wayar, ai ya kamata a bar ta a waje.

Wata magana kuma da ba a son ji. Kodin da taramol suna ɗaure ciki tamau, don suna rage motsin hanji. Tun 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin, amma mun san bai ɓace daga unguwanni ba. Wanda ke sha yana kuma neman maganin basir, ya san inda gizo ke saƙar. 'Yan'uwa mata kuwa ciki da haihuwa kan jawo musu, kuma sau da yawa yana lafawa bayan an sauka.

Maganin farko yana cikin tukunyar iyayenmu: miyar kuka, kuɓewa, kwaɗon zogale da rama, wake, alayyafo, gwanda, kunun gero mai dusarsa. A ci lemon zaƙi da ɓargonsa, ba a tsotse a yar ba. A sha ruwa sosai, musamman lokacin zafi da tsakanin buɗa baki da sahur. In bahaya ya matso a je nan take, kada a riƙe. In basir ɗin ya tashi, a zauna cikin ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, a yi tsarki a hankali ba da dirza ba. Yawancin masu basir da wannan kaɗai suke samun sauƙi.

Ita kuwa gorar tasha, me ke ciki? Mai sayarwa kaɗai ya sani. Da yawa masu sa gudawa ne, ka kwana kana zarya, a ce maka datti ne ke fita, alhali gudawar ita ma tana tayar da basir. Wasu haɗe-haɗen kuma ƙoda da hanta ne ke biyan kuɗinsu. Mafi muni shi ne a kai wa mai aska ya yanke tsiro ko a ƙona shi da wani abu. Wurin cike yake da jijiyoyi, ga tsokar da ke tsuke dubura. In ta lalace, mutum na iya kasa riƙe bahaya.

Ba kuma kowane jini ne basir ba. Tsagewar dubura na kawo shi, atini na kawo shi, sankarar hanji ma haka take farawa ga wasu, kuma ba tsofaffi kaɗai take kamawa ba. In jinin ya ƙi tsayawa, ko ya cakuɗu da bahaya, ko bahayan ya koma baƙi kamar kwalta, ko kana ramewa, kana jiri, idanu sun yi fari, to asibiti kai tsaye. Na san kunya ce ke riƙe mu, wa ke son a duba masa wurin nan? Amma dubawar 'yan mintoci ce, kuma likitan ya ga ɗaruruwa kafin kai. Ba kowa ake yi wa tiyata ba. Wani man shafawa ne da maganin laushin ciki, wani kuma a ɗaure tsiron na ciki da 'yar roba, cikin kamar mako guda ya bushe ya faɗi da kansa.