Kada a taɓa zango biyar, a gyara lokacin fara wasa

Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na gasar tanis ta Roland Garros a birnin Paris ranar 8 ga watan Yunin 2025 ya san abin da za a rasa idan aka biye wa masu kiran a gajarta wasannin ɗaiɗaikun maza a manyan gasa huɗu na duniya. Jannik Sinner na Italiya ya ci zango biyu na farko (zango shi ne kowane babban kashi na wasan tanis, wato set), kuma a zango na huɗu ya samu dama har sau uku a jere ta ɗaukar kofi da maki ɗaya tak, amma Carlos Alcaraz na Sifaniya ya kuɓuta daga dukkansu, ya farfaɗo, ya yi nasara bayan sa'o'i biyar da minti 29. Da a ce tsarin zango uku ake bi, inda cin biyu ya wadatar, da an tashi wasan tun kafin a shiga abin da ya sa har yau ake maganarsa.

A gasannin Ostireliya, Faransa, Wimbledon da Amurka ne kawai tsarin zango biyar ya rage, inda 'yan wasa 128 ke shiga, kuma sai mutum ya ci wasanni bakwai, kowanne da cin zango uku cikin biyar, kafin ya ɗaga kofi. Gasar Davis Cup ta ƙasa da ƙasa ta yi watsi da shi a 2019, wasan ƙarshe na Olamfik ma ya koma zango uku tun daga gasar Tokyo. Ra'ayina shi ne wannan ragowar ta cancanci a kare ta, domin ita ce ke bambanta wanda ya yi sa'ar awa ɗaya da wanda ya fi iya wasa. A gajeren wasa, mai ƙarfin bugun farko zai iya kawar da gwani kafin gwanin ya gane inda aka dosa. A dogon wasa kuwa dole ne ɗan wasa ya karanci abokin karawarsa, ya sauya dabara, ya san yadda zai raba ƙarfinsa, ya kuma jure lokacin da ƙafafu suka fara nauyi. Haka Rafael Nadal ya yi wa Daniil Medvedev a Melbourne ta Ostireliya a 2022 bayan Medvedev ya ci zango biyu na farko, haka kuma Sinner ya maimaita wa Medvedev ɗin a fili ɗaya a 2024.

Ba na raina hujjar masu ƙorafi, domin jikin ɗan Adam yana da iyaka. A Wimbledon ta 2010 John Isner da Nicolas Mahut sun shafe sa'o'i 11 da minti biyar cikin kwanaki uku, zangon ƙarshe ya tashi 70 da 68, kuma Isner ya fita a zagaye na gaba ba tare da ya iya taɓuka komai ba. A 2018 Kevin Anderson ya doke Isner ɗin da 26 da 24 a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ya je wasan ƙarshe a gajiye, Novak Djokovic ya gama da shi a zango uku. Sai dai wannan matsala an riga an magance ta: tun 2022 gasannin huɗu suka amince cewa idan aka yi kunnen doki shida da shida a zango na biyar, a raba gardama da bugun maki goma.

Abin da ba a magance ba, kuma shi ne ainihin ciwon, shi ne jadawalin dare. Wasan Alcaraz da Sinner a New York a 2022 ya ƙare da ƙarfe 2:50 na dare. Na Andy Murray da Thanasi Kokkinakis a Melbourne a 2023 ya wuce ƙarfe huɗu na asuba, na Djokovic da Lorenzo Musetti a Paris a 2024 kuwa ya wuce ƙarfe uku. Ɗan wasan da ya bar fili a irin wannan lokaci yana da ganawa da 'yan jarida da tausar jiki da cin abinci a gabansa kafin ya kwanta, ga yara masu tsintar ƙwallo da ma'aikatan fili da 'yan kallo waɗanda su ma ke da gidajen komawa. Tsawon wasa bai jawo wannan shi kaɗai ba. Masu shirya gasa ne ke sayar da tikitin dare daban, suna cika alƙawarin gidajen talabijin, suna tura wasan da kowa ya san zai iya cin sa'o'i biyar ya fara bayan ƙarfe goma.

Wimbledon ta nuna cewa akwai mafita, domin ƙa'idar hukumar yankin ta tilasta a dakatar da wasa da ƙarfe 11 na dare, a ƙarasa washegari, kuma martabar gasar ba ta ragu ba. Hukumomin ATP da WTA, masu kula da gasannin ƙwararrun maza da mata, su ma sun kafa doka a 2024 cewa kada a fara wasa bayan ƙarfe 11 sai da izini na musamman, amma dokar ba ta hau kan manyan gasannin huɗu ba, tun da kowacce cin gashin kanta take yi. Melbourne da Paris da New York su ne ya kamata su ɗauki irin wannan mataki, su matso da wasannin dare zuwa farkon yamma, ko da hakan zai rage musu kuɗin shiga na awa ɗaya ko biyu.