Jirgi ba ya ɗauko maƙwabta

A wannan watan muka cika shekara biyu a birnin Leeds da ke Ingila, ƙasar Birtaniya, ni da maiɗakina da yaranmu uku. Da wuya mako ya wuce wani bai turo mini saƙo daga gida ba, kuma tambayar ɗaya ce: Malam, ina so in taho da iyali, nawa zan tanada? Nakan ba su lissafin da na sani. Tun Fabrairun 2024 kuɗin lafiya da ake biya tare da biza ya koma fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro ko ɗalibi, kuma na duk shekarun zamanka za ka zube a dunƙule kafin ka taso. Bizar na ɗauke da sharaɗin cewa ba ka da rabo a tallafin gwamnati. Daga Janairun 2024 an hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyali, a Maris ɗin shekarar kuma hanin ya kai ga masu aikin kula da tsofaffi. Mu karatun digiri na uku ya kawo mu, shi ya sa ƙofar ta buɗe mana.

Duk wannan ana iya rubuta shi a takarda. Abin da ya fi ba mu wuya ba wanda ya taɓa tambayata a kansa, ni ma ban tambayi kowa ba kafin mu taso.

A gidanmu na Samaru, Zariya, ban taɓa zama na ƙirga hannayen da ke renon 'ya'yana ba. Hajiya na nan, ƙanwata ce mai raka su Islamiyya, matar yayana na goya wanda ya yi kuka ko da ba nata ba ne. In maiɗakina za ta kasuwa, ta kan katanga za ta ɗaga murya ta ce wa maƙwabciya ga yara nan, shi ke nan. Ɗa na kowa ne muke cewa, kuma da gaske haka ake yi. Ranar da muka sauka a nan, hannayen nan duka suka koma huɗu. Biyu daga cikinsu, wato nawa, suna ɗakin karatu daga safe har dare.

Ku dubi safiya guda ta watan Disamba. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, saboda haka cikin duhu ake tayar da yara. Kowanne sai an sa masa riga a kan riga, suwaita, kwat mai kauri, safa, hula, safar hannu. Ka gama da na farko ka juya ga na biyu, na farkon ya cire takalmi. Kafin tara saura sai an kai su bakin ƙofar aji, ana ruwa ko ana iska. Da ƙarfe uku da kwata kuma dole babba ya tsaya a bakin ƙofar nan, domin malama ba ta sakin yaro sai ga wanda aka rubuta sunansa. Babu "je ka ɗauko ƙanenka". Kafin su iso gida magariba ta yi, don a lokacin nan huɗu ba ta cika rana ta faɗi. Azahar, la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu suke haɗuwa. Wanda ya saba da hantsin Zariya, wannan duhun yana taɓa masa zuciya ba tare da ya ankara ba.

Autanmu a nan aka haife shi, cikin hunturu. Washegari aka sallame su daga asibiti. Haihuwa biyu maiɗakina ta yi a gida, kuma duka biyun sai da ta yi arba'in ba ta ɗora tukunya ba: ana dafa mata ruwan wankan jego safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa, 'yan barka na shiga suna fita, jariri na yawo daga hannu zuwa hannu. A nan kwana uku da haihuwa tana tsaye tana wanke kwanuka. Ragon suna a Zariya aka yanka, mu kuma muka kalla ta waya.

Wata ranar Alhamis na dawo da daddare na tarar ba a kunna fitila ba. Tana zaune a ƙasan kicin da jariri a cinya, manyan biyu sun yi barci a gaban talabijin. Na ce lafiya? Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Malam, yau kwana biyar ban ji muryar babban mutum ba sai taka." Har yau in na tuna maganar nan sai jikina ya yi sanyi. Ni ina fita ina ganin mutane, ina gaisawa da abokai a masallacin Juma'a, ina dawowa in ce na gaji. Ita kuwa tana tsakanin bango huɗu da yara uku, a garin da maƙwabcinka zai shekara bai san sunanka ba. Ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa gida duba jariri ce ta zaunar da ita ta tambaye ta barcinta da abin da ke ranta, ta haɗa ta da likita. Hukumar lafiya ta ƙasar nan, NHS, ta ce fiye da mace ɗaya cikin goma na shiga ciwon damuwa a shekarar farko bayan haihuwa. Mu a gida sau da yawa cewa muke yi ai haƙuri za ta yi.

To, 'yan'uwana maza, da ku nake. Duk wanda ya ɗauko 'yar mutane daga cikin danginta ya kawo ta nan, sannan ya ci gaba da zaman maigida irin na gida, ya shigo ya miƙe ƙafa a kawo masa abinci, wallahi ya ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Aikin da mata biyar ke rabawa a tsakar gida ya dawo kanta ita kaɗai. Ba ragwanta ba ce in ta gaza. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Manzon Allah (SAW) ke yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Hadisin na cikin Bukhari, duk mun san shi, a wa'azi muke jin daɗinsa. A nan ne ake gane wanda ya yarda da shi. Ni yanzu kai yara makaranta nawa ne, wankansu na dare nawa ne, fitar da shara ranar da motar ke zuwa nawa ne. Karatuna ya ɗan ja baya, na kuma yarda da hakan.

Kuma kada a kulle ta da sunan tsare mutunci. A Ingila duk yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu yana da awa 15 kyauta a mako a makarantar reno, mako 38 a shekara, ko da iyayensa baƙi ne. Na ga waɗanda ke ƙin kai yaransu don tsoron lalacewar tarbiyya. Awa uku a yini ba za ta rushe abin da ka gina ba, amma za ta ba uwa damar yin numfashi, ta je ajin Turanci, ta san lambar bas ɗin unguwarsu, ta riƙe katin banki da sunanta. Ran da ka kwanta ciwo, ita ce za ta riƙe gidan.

Akwai maganar horo, wadda kowa ke raɗa a kai. Na tsakiyanmu ya taɓa kifar da galan ɗin manja a kan kafet ɗin gidan haya, uwarsa cikin fushi ta ce, "Yau sai na yanka ka." Wane ɗan Hausa ne bai ji wannan daga bakin uwarsa ba? Washegari yaro ya je aji ya fassara wa malamarsa kalma da kalma. Da rana aka kira mu. Mun zauna, mun yi bayani, sun saurara, magana ta mutu a nan, amma mun fito gwiwa a sanyaye. Scotland ta haramta dukan yara kwata-kwata a 2020, Wales ta bi a 2022, a Ingila kuma duk dukan da ya bar tabo laifi ne. Da farko haushi na ji, na ce ina ruwansu da ɗana. Daga baya na tuna wani abu. A gida in uba ya ɗauki bulala, kafin ya kai ta uku kaka ta fito ta janye yaron ta ce ya isa haka, ko maƙwabci ya yi sallama ya ba da haƙuri. Fushinmu yana da masu tare shi. A nan ƙofa a rufe take, iyaye a gajiye suke, babu kaka, babu mai sallama. Ban yarda da duk abin da suke kira tarbiyya a ƙasar nan ba, amma na daina ganin dokar nan a matsayin abokiyar gaba.

Harshe kuwa shi ne ke tafiya ba ka ji motsinsa ba. Wata shida kacal babbar 'yarmu ta yi a makaranta ta fara ba mu amsa da Turanci. Muna ta murna wai ta iya. Sai ranar da Hajiya ta kira, yarinya ta ce ina kwana, ta ce lafiya lau, sannan ta tsaya tana kallona in fassara mata. Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "Kai, kada ka mayar mini da jikoki baƙi." Daga ranar muka sa doka: an shigo gida, Hausa. Da dare a yi ga ta nan ga ta nanku, a kawo Gizo da Ƙoƙi. Turanci ba ya buƙatar taimakonmu, yana makaranta, yana talabijin, yana titi. Malamansu ma da kansu suka ce mu riƙe harshen gida, ba ya hana yaro ƙwarewa a ɗayan.

Ba zan ɓoye alherin wurin ba. Wuta ba ta ɗaukewa, makaranta kyauta ce, ƙananan azuzuwa har abincin rana ake ba su. Sai dai zuwa gida ba yadda ka ga dama ba ne. Cire yaro daga makaranta a tsakiyar zango ba izini na iya jawo tarar fam 80 ga kowane mahaifi a kan kowane yaro, don haka sai dogon hutun bazara na mako shida, lokacin da tikitin jirgi ya fi tsada. Bikin ƙanwata ma a waya muka gan shi.

Abin da ya cece mu, bayan ikon Allah, gidaje huɗu ne. Maiɗakina ta ji wata na yi wa ɗanta faɗa da Hausa a wani shagon kayan abincin Afirka a unguwar Harehills, ta bi ta ta gaishe ta. Ashe 'yar zangon Kumasi ce. Ta hanyarta muka san wasu 'yan Damagaram da wasu 'yan Gombe. Yanzu kowane gida ya rubuta sunan sauran a makaranta, in ɗaya ta makale ɗaya ta ɗauko yara. Duk Asabar ana haɗuwa a gida ɗaya, a tuƙa tuwon shinkafa, duk wanda kukarsa da daddawarsa ba su ƙare ba ya fito da su, yara su cika ɗaki da surutu. Ba haka kawai ya faru ba, sai da aka cire kunya aka nemi juna.

Makon jiya aka ce mana wani ɗalibi ya iso daga Katsina da matarsa da yara biyu, tana da tsohon ciki. A nan al'ada ita ce ka kira kafin ka je gidan mutum. Maiɗakina ba ta kira ba. Ta zuba miya a kula, ta sa kwat ɗinta, ta ce in kula da yara, ta tafi ta ƙwanƙwasa musu ƙofa. Sai bayan isha'i ta dawo.