Ya samu sauƙi, mu ne muka ƙi yarda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da safen nan a bakin wani shagon ɗinki na ga abin da har yanzu ya tsaya mini a rai. Wani dattijo ya zo da ɗansa, saurayi tsaf-tsaf, yana roƙon a ɗauke shi koyon aiki. Magana ta yi nisa, har ana zancen ranar da zai fara, sai wani da ke zaune kan benci ya ce, "Ai wanga shi ne ya kwanta Kware bara." Nan take mai shago ya ce kekuna sun yi kaɗan, a dawo bayan Sallah. Dattijon ya ce, "Ba komai Alhaji, Allah shi bar zumunci," ya ja hannun ɗansa suka wuce.

Haba jama'a! Mutum ya kwanta asibitin masu taɓin hankali da ke Kware, likita ya sallame shi, yana shan maganinsa, yana sahun gaba a masallaci, amma mu mun rantse ba zai sake zama mutum ba. Mai ciwon suga na buɗe shago, mai hawan jini na jan mota har Illela ya dawo, ba mai cewa uffan. Sai mai taɓin hankali ne za a bi shi da suna ɗaya har kabari. Yara na jifarsa da shi a cikin shiya, manya na murmushi. Mun manta an hana mu jifan juna da miyagun laƙabi?

Ba na cewa ba mu da tausayi. Wallahi Sakkwatawa na da hannun kyauta. Za mu miƙa masa naira ɗari biyu, mu aika masa tuwo, mu sa shi cikin addu'a. Abin da muke ƙi shi ne amana: makullin shago, kuɗin aike, almakashi, awon hatsi. Alhali abin da ya fi buƙata ke nan. Wanda ya tashi da safe ba inda ake jiransa, ya wuni ɗaki yana kallon rufi, dare ya yi barci ya ƙi zuwa, me kuke zaton zai biyo baya? Zaman banza, rashin barci, gori a cikin gida da barin magani suna cikin manyan abubuwan da ke tada ciwon. Kuma sau da yawa barin maganin rashin kuɗin saye ne. Mun hana shi aikin da zai sayi magani, idan ciwo ya tashi mu ce, "Ai dama mun faɗa." Subhanallah.

Barin mai taɓin hankali ya rayu cikin jama'a ba sabon ilimi ba ne daga Turai. Tun 1954 Farfesa Thomas Lambo ya gwada shi a Aro, kusa da Abeokuta. Ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan uwansa, suna karɓar magani suna kuma rayuwa cikin jama'a, har duniya ta zo koyon tsarin. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma hana nuna musu bambanci wajen aiki. To doka ba za ta zo ta zauna a shagonka ba, Alhaji. Kai ne a zaune.

Kuma wane ne abin koyinmu? Wata mata mai lalurar hankali ta tare Manzon Allah (SAW) ta ce tana da buƙata. Bai ce a janye ta ba. Cewa ya yi ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama maganarta. Mu kuwa ko gaisuwarsu a tsaitsaye muke amsawa.

Sana'a ba ta ƙare a garin nan ba. Ga dukanci a Madunka, ga fadamar Kwalkwalawa, ga ɗaurin buhun albasa, ga kiwon jar akuya, ga wanki da guga. Ba sai ka damƙa masa komai rana ɗaya ba. Fara da rabin wuni. Wasu magungunan na sa nauyin jiki da barcin safe, wasu na sa hannu rawa, don haka idan ya makara kada ka ce lalaci ne. Ranar ganin likita ko ranar allurarsa ka sallame shi ba tare da ka zaftare masa kuɗi ba. Ka biya shi haƙƙinsa cif, kada ka mayar da shi ɗan aiken kyauta don ka ga ba mai tsaya masa. Wannan zalunci ne, kuma Allah na gani. Idan ka lura ya daina barci ko ya fara keɓe kansa, kira 'yan gidansu cikin sirri a koma asibiti da wuri, kada ka tara masa mutane.

Ku kuma iyayenmu mata, abin ya fi tsanani a ɓangarenku. Yarinya ta haihu, ciwo ya same ta a cikin jego, ciwon da ake magancewa, amma kafin ta murmure takardar saki ta riga ta isa gida. Daga nan an cire ta daga adashi, ba mai sayen ƙuli-ƙulinta, ba mai kawo mata kitso. Inna, da 'yarki ce fa? Ki aika a sayo furarta. Ki zaunar da ita kusa da ke a gidan biki.

Don girman Allah ku ji tsoron ranar da za a tambaye mu. Ba wanda ya sayi hankalinsa da kuɗi, ba kuma wanda ya san abin da gobe za ta zo masa da shi. Kowa ya san mutum guda a shiyarsu da ke zaune haka. Mai shago, mai gona, mai gareji, ka je gidansu cikin satin nan ka ce ya fito aiki. Don Allah ka je.

Allah Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka tausasa zukatanmu a kansu. Amin.