Turbo a Ƙarƙashin Katifar Kawu

Motata Volkswagen T3 ce ƙirar 1984, irin wadda kamfanin Westfalia na Jamus ke mayarwa ɗakin kwana. Akwai gado a baya, akwai murhun gas mai baki biyu da wurin wanke kwanuka, rufin ma ana ɗaga shi ya zama ɗan bene. Turawa bakin teku suke tafiya da ita su kwana. Ni kuwa a Agege nake, kuma duk wanda ya taɓa taka Legas ya san T3 ita ce danfo, motar hayar nan mai launin rawaya, jiki ɗaya fuska ɗaya. Tawa ruwan madara ce, amma rana da hayaƙi sun ja ta zuwa rawaya, don haka in cunkoso ya tsayar da ni a Oshodi sai in ji an ja ƙofa, wata mata da kwandon tumatir ta haye gadona tana cewa a sauke ta Iyana Ipaja.

Burina da ita guda ne: in ɗebi iyali mu tafi Kano da Sallah, tafiyar kilomita wajen 1,000, inda dare ya yi mu tsaya mu dafa shayi mu kwanta, ba mai karɓar kuɗin masauki. Sai dai injin da ta zo da shi dizal ne mai lita 1.6, ƙarfin doki 50 kacal, motar kuma in an loda ta haura tan 2. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ita ta tona mana asiri. Ina hawa a giya ta biyu, totur a ƙasa, sai ga Keke Marwa ɗauke da mutum huɗu da buhun garin kwaki ya wuce ni, direban har yana ɗaga mini hannu yana cewa sannu.

Bakanikena Bazazzagi ne, garejinsa na bayan mayankar Oko-Oba. Ni Bakano, don haka ba a fara magana sai an taɓa wasa.

"Alhaji, wannan ai ba mota ba ce, gado ne aka sa wa taya. Ku Kanawa in dai an ce araha, ko kura ce sai ku saya."

"Malam, bar surutu, mene ne magani?"

Ya ce magani na Ladipo, kasuwar kayan mota. A nemo injin Beljiyam, 1.9 TDI na Golf ko Passat na tsakiyar shekarun 1990, mai turbo, wato na'urar da ke tura wa inji iska da ƙarfi, doki 90, ƙarfin jansa kuma ya kusa ninka na tsohon. Ya ce sa'ata ɗaya, tawa dama dizal ce, kuma a T3 mai dizal injin a kishingiɗe yake zama, karkace da digiri 50 don ya shige ƙarƙashin murfin baya. Ƙafafun tsohon injin da kaskon baƙin mansa za su hau sabon. Da ya faɗa haka sai abin ya yi kama da aikin yini guda.

Ladipo kuwa, a Mushin, wuri ne da injuna ke jibge tsibi-tsibi, ƙasa baƙa ƙirin da mai, kowa na jan rigarka yana rantsuwa nasa jiya aka sauke daga Apapa. Muka zaɓa, Malam ya leƙa bakin turbo ya juya farfelar da ɗan yatsa, ya ce ba ta wasa. Muka biya, aka ɗora a baro.

Aka ɗaura inji, aka murza makulli. Ya tashi da wata murya mai daɗi, kafin in gama cewa Alhamdu lillahi ya mutu. Aka sake, haka. Sai mai wayarin ya zo ya yi bayani: wannan inji yana da ƙwaƙwalwa, ba ya yarda da kowane makulli sai wanda ke da ɗan ƙwayar da ya sani, in bai ji ta ba sai ya ɗauka ɓarawo ne ya yanke mai. Makullin kuwa wa ya san a aljihun wane Bature yake. Wato na sayi inji da kuɗina, injin na kallona a matsayin ɓarawo. Totur ɗin ma ba na kebul ba ne, na lantarki ne, sai da aka koma Ladipo nemo shi, aka kuma kai ƙwaƙwalwar wurin wani yaro mai kwamfuta ya lallashe ta.

Sai batun ruwa. Injin T3 a baya yake, lagireto a gaba, bututu biyu na bi ta ƙarƙashin mota daga wannan kai zuwa wancan. In iska ta maƙale a ciki, allura sai ta haye ja. Maganin shi ne a ɗaga hancin motar sama a fitar da iskar. Malam ba shi da abin ɗagawa mai tsayi, sai ya sa yaransa suka tura ta kan tarin yashin wani mai gini. Nan ta wuni tana kallon sama, masu wucewa na tsayawa suna tambaya ko hatsari aka yi.

Uwargida dai tun farko ta faɗi nata. "Baban yara, kuɗin da ka zuba a motar nan da jirgi muka hau, da mun je mun dawo har da tsaraba." Na ce ta jira ta gani.

Da aka gama, sai wata matsalar da babu bakaniken da zai iya gyarawa: babu inda zan gwada. Turbo ba ya farkawa sosai sai inji ya doshi juyi 2,000 a minti, kuma kafin ka kai nan a hanyar Abeokuta, bayan wata tirela ya cika maka gilashi. Doki 90 nake da su, amma tafiyar tawa da ta mai tallan gala ɗaya ce, wani lokacin ma ya riga ni.

Ana haka Kawu ya zo daga Kano sarin goro, sana'ar da ta kawo kakanninmu Agege tun farko. Dattijo ne mai fama da ciwon baya, kuma yana son ya gaida wani amininsa a Obalende. Na ce Lahadi bayan sallar asuba, lokacin hanya fayau. Ya ga gado ya ce, "Ɗana, ai ni nan zan miƙe." Ya cire hula, ya shimfiɗa rawaninsa a kan matashi, ya kwanta daidai saman injin.

Muka wuce Oworonshoki muka hau Third Mainland, gadar nan mai tsawon kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990. Ruwa dama, ruwa hagu, ba kowa a gabana. Na ce bismillah na taka.

Da farko shiru. Sai wani siririn fito ya taso daga baya, motar ta ɗaga hanci ta zabura. Duk wata durowa da Bajamushe ya ƙera a cikinta ta buɗe lokaci guda. Cokula suka watse, tukunya ta gangara, fulas ɗin shayi ya bi ta, gwangwanin madara ya wuce su duka ya je ya sami Kawu a ƙafa. Giyar kuwa ta tsohon injin ce, guda huɗu gajeru, don haka allura na taɓa 90 injin ya kama kururuwa yana neman ta biyar, hannuna na lalube babu. Sitiyari na rawa, rufin na kaɗawa, ni kuwa bakina har kunne, don a karon farko na wuce mota. Danfo ce, kwandastan na rataye a ƙofa, ya bi ni da kallo baki buɗe.

"Kai yaro! Lahira ka ce za mu ko Obalende?"

"Kawu, turbo ne!"

"To ka ce masa ya yi haƙuri!"

Muna daidai saitin Makoko, inda gidajen katako ke tsaye a kan ruwa, sai ji muka yi fau! Kawu ya dire daga gado ya kwanta a ƙasa cikin cokula yana salati, yana cewa an harbe mu. Na duba madubi, baƙin hayaƙi ya rufe gadar. Ƙarfi ya tafi gaba ɗaya. Danfon nan ta zo ta wuce, kwandastan ya yi mini wata alama da hannu wadda ba zan fassara ba.

Ba a tsayawa a kan Third Mainland in dai taya na juyawa, wannan ko baƙo ya sani. Muka rarrafa muka sauka ta Adeniji Adele, na sami gefe na kira Malam. Ya saurara, ya yi dariya har da tari.

"Alhaji, tiyon iska ne ya fita. Turbo na tura iska da ƙarfi, in ɗaurin bai kama ba sai ya tofar da shi. Ɗaga katifa ka gani."

Na ɗaga katifa, na buɗe murfi. Ga tiyo yana lilo, a bakinsa kuma maimakon zoben ƙarfe, robar tsohon tubun taya ce aka naɗa aka ƙulle. Daga wayar ina jin Malam yana tambayar yaransa wane ne ya ɗaura, kowa na cewa ba ya nan ranar. Na mayar da tiyon, na ɗaure da wayar da ke riƙe da labulen taga. A nan ne na lura katifar ta yi zafi kamar kaskon masa, domin soson da ke tare zafi a jikin murfin an cire shi lokacin aiki, ba wanda ya mayar.

Na juyo in ba Kawu haƙuri, sai na gan shi tsaye a bakin titi, hannu a ƙugu, yana lanƙwasawa dama da hagu. Ya sunkuya ya taɓa gwiwa. Ya miƙe.

"Ɗana, bayan nan ya saki."

Ya hana a mayar da soson. Washegari da magariba ya zo da matashinsa ya ce in tayar masa da inji. Na tayar, ya kwanta, can ya ce bai ji komai ba. Na kira Malam, ya ce ai TDI ba ya ɗaukar zafi a tsaye, sai yana jan kaya. Ga dizal da tsada, ga Kawu ba a yi masa musu.

Goron da ya zo saye tuni aka ɗaure aka aika Kano, shi kuwa ya ce sai bayan Sallah. Yanzu kullum bayan isha'i ina hawa gadar Pen Cinema in sauka, in juyo in sake hawa, Kawu na miƙe a baya yana ba da umarni: "Taka, ɗana, bai fara fito ba." Jiya ya zo da wasu dattawa biyu daga masallaci, ɗaya gwiwa, ɗaya ƙugu, suna tambaya ko benen sama ma yana ɗumi.